Baba Ya Samu Barci

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman kan ruwa? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na kai wannan takarda ofishin kamfaninku, sun ce duk ranar da jirginku ya tsaya a gaɓa za ta same ka.

Ka ce in riƙa gaya maka gaskiyar halin da Baba yake ciki, kada in shafa mata mai. To ga ta. Tun da Inna ta rasu bai ƙara yin barcin kirki ba. Ya kwanta, ya juya, ya tashi ya jawo kujerarsa bakin taga. Da safe in na shigo masa da shayi a nan nake samunsa, ido jawur, yana sauraron motocin da ke tsayawa a tashar ƙofar gida. Ka san kunnen tsohon direba ba ya ritaya. Jiya wata bas ta wuce, ya ce, "Yaron nan zai kashe giya ta biyu kafin wata ya ƙare." Na ce Baba ina ruwanka? Ya ce da ruwansa mana, tunda shi ke jin kukanta.

Yanzu kuma mura ta kama shi, hanci na zuba, ga tari. Goggo ta zo ta gan shi ta ɗora hannu a ka. Ta ce zaman taga ne, iskar asuba ce ta shige shi, kuma wai ni nake barinsa ya yi wanka da sassafe ya zauna da kai a jiƙe. Ba ta bar gidan ba sai da ta sa na rufe tagar, ta kwashe ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken ɗinkina ta cusa a kowace kafa. Ta sa masa hular sanyi da safa, a wannan zafin. Ta yanka albasa ta ajiye a ƙarƙashin gado, wai tana zuƙe mura. Shi kuwa ka san ba ya iya yi wa ƙanwarsa musu, sai dai ya bi ta da ido.

Maganar barci, mun gwada madara mai ɗumi, mun gwada zuma, duk a banza. Da na yi wa mai kemis bayani sai ya ba ni wani maganin tari na ruwa, ya ce yana sa barci. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Yau zan fara ba shi.

Kullum sai ya tambaye ni, wai da gaske a cikin ƙanƙara kake wuni? In na ce e, sai ya ce, "Sanyi zai cinye min yaro." Ka rubuto abin da zan karanta masa hankalinsa ya kwanta.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta har ta fara yagewa a wurin ninki. Ina gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Goggo da albasarta.

Ki karanta wa Baba wannan da ƙarfi. E, a cikin ƙanƙara nake wuni. Ɗakin yana can cikin cikin jirgi, mu ke jera kwalayen kifi har rufi. In ka yi numfashi hayaƙi ke fita a bakinka, gashin baki ya yi fari kamar na tsoho. Muna da riga mai kauri da safar hannu da takalmin roba. Amma wallahi Baba, tun da na fara aikin nan ko atishawa ban yi ba, sai da aka kawo mana wani sabon ma'aikaci yana jan hanci. A ɗaki ɗaya muke kwana, gado kan gado. Kafin mako ya zagayo duk mun kama, har mai dafa abinci, wanda shi a bakin wuta yake wuni.

Na tambayi malamin jinyar jirgi, ya ce mura ƙwayar cuta ce, daga mutum take tsallakawa zuwa mutum, ta numfashi ko ta hannu. Iskar taga ba ta haifar da ita, jiƙaƙƙen kai ma haka. Ya ce ɗaki a toshe ya fi riƙe ta. Don haka Yaya, ki tuna da kyau, wa ya shigo gidan nan da atishawa kafin Baba ya kwanta? Kuma don Allah ki cire tsummokaran nan ki buɗe masa tagarsa. Ita kaɗai ta rage masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon titi ta gilashi, ku rufe shi kamar kayan ajiya?

Maganin tarin kuwa ban san shi ba. Tunda mai kemis ne ya bayar, ai ya fi mu sani.

Ga albishir. Hutuna ya kusa. Da zarar mun dawo daga wannan fitar zan taho, in karɓe ki ki huta. Abokin aikina Dogo, wanda ke kwana a gadon samana, ya ce in kawo masa Baba ya ji minsharinsa, ko kishi zai sa barci ya zo.

Ƙaninki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan murar taku ta sake ku. Mu nan da godiya. Ɗinki ya ɗan yi yawa, bayana yana damuna, amma da sauƙi.

Na karanta wa Baba takardarka. Ya yi dariya a wurin gashin baki har tari ya sarƙe shi. Na buɗe tagar kamar yadda ka ce. Da ka ga fuskarsa, kamar wanda aka sallamo daga kurkuku.

Tambayarka kuwa ta sa na yi dariya ni kaɗai a kan keke. Ka san wa ya shigo da atishawa? Goggo! Tun kafin mura ta kama shi ta zo gaishe shi tana fyace hanci a gefen mayafi, har ta kurɓi shayinsa don ta ji ko na sa sukari daidai. Da na tuna mata sai ta ce ita murarta ta gado ce, ba ta kama kowa. Ta ga taga a buɗe, ta ce to ta wanke hannunta, tunda yaron da aka yi wa wanka jiya shi ne likitan gida. Ta yi fushi ta tafi, amma ka san fushin Goggo, washegari ta dawo da lemo.

Maganin ruwan ya yi aiki da farko, sannan ya daina. Na koma wurin mai kemis, ya ƙara min wasu ƙwayoyi na mura, irin waɗanda ake sha in za a kwanta. Yanzu duka biyun nake ba shi. Auta, Baba ya samu barci. Barci yake har rana ta take, in na tashe shi ya ci abinci sai ya koma. Shekaranjiya da kofi a hannu ya gyangyaɗa, shayin ya zube a cinyarsa bai ko motsa ba. Tarin ma ya daina ƙara, ya koma can ciki, sai ka matso za ka ji shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Ranar nan da na tashe shi ya kira ni da sunan Inna, ya ce in goge masa rigar aiki, shi ke da fitar safe. Goggo ta ce magagin barci ne, bashin da ya ci yake biya. Wataƙila haka ne. Amma tagar tana buɗe, motoci na wucewa, bai ƙara cewa komai a kansu ba. Ni dai ban sani ba ko murna zan yi.

Muna zuba ido.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. A tsaye nake rubuta wannan, ana ta loda kaya, an ce kafin la'asar za mu tashi. Ina lafiya, mura ta wuce.

Alhamdu lillahi! Da na karanta "Baba ya samu barci" sai da na zauna a kan kwali, na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji. Ga tari ya lafa. Ki bar shi ya yi ta yi, barci ai rabin magani ne. Kiran sunan Inna kuwa kada ya dame ki, ni ma nan ina mafarkinta.

Tunda jiki ya yi kyau, na yi wani abu da nake fatan ba za ki ji haushi ba. Matar Dogo ta kusa haihuwa, cikin fari ne, kuma ba kowa a kusa da ita. Mutum ɗaya kawai za a saki a ɗakin ƙanƙara. Na ga yadda yake zama ya yi tagumi, ga shi ko minsharin ya daina. Sai na bar masa hutuna, ni zan karɓi nasa in mun dawo. Wannan karon can nesa za mu, za a daɗe ba a ga ƙasa ba, don haka in kin ji shiru kada ki damu.

Ki ce wa Baba ya tara min labarin motoci. Ki gaida Goggo, ki ce likitan gida yana gaisuwa.

Auta.

*

Auta,

Ina fatan kana lafiya. Mu ba lafiya ba. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan benci, takardar a kan gwiwata.

Baba ya faɗi. Da hantsi ne, ina kan keke ina haɗa wuyan riga. Ya tashi zai shiga bayi bai kira ni ba, ido a rufe rabi, kamar mai tafiya a cikin ruwa. Ƙarar kawai na ji. Na same shi a ƙofar bayi, ƙafa ɗaya ta juya. Maƙwabta suka taimaka muka sa shi a mota.

Ƙashin kwatangwalo ya karye. Amma likitar ba a ƙafar ta tsaya ba. Ta sa abin sauraro a bayansa, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Tun yaushe yake numfashi haka?" Na ce mura ce. Ta ce mura ta daɗe da wucewa, ciwo ne ya sauka a huhu, kuma ya yi nisa. Ta ce in kawo duk abin da yake sha. Da ta ga kwalbar da ƙwayoyin sai ta ce abu iri ɗaya ne a cikinsu, ninki biyu nake ba shi ban sani ba, kuma irin wannan maganin ba ya yi wa tsofaffi kyau, yana rikita su, yana sa jiri. Ta ce abin da nake kira barci, rabinsa maganin ne, rabinsa ciwon. Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Da ma'aikaciyar jinya ta ce sunan ciwon sanyin haƙarƙari, Goggo ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. "Kun ji ko? Sanyi! Ai na faɗa!" Duk wanda ya zo dubiya sai ta tare shi a baranda ta ce tagar Auta ce ta jawo.

Na samu takardarka. Na karanta wurin da ka ce barci rabin magani ne, na ninke ta. Na rubuta maka cewa ban sani ba ko murna zan yi, kai kuwa layi ɗaya ka gani, wanda ya yi maka daɗi. Kana can kana ba da umarni, a buɗe wannan, a bar wancan, ni ce nan da ɗagawa da shimfiɗawa. Matar Dogo ba ta da kowa, ni wa nake da shi?

In akwai yadda za ka yi, ka taho.

Yayarka.

*

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka a zaune, kusa da mutane.

Auta, Baba ya rasu. Ranar Laraba da rana, ina riƙe da hannunsa. An yi masa sutura a ranar. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna a cikin rahama. Ka yi haƙuri.

Ban ji daga gare ka ba tun waccan takardar. Na je ofishinku, suka ce jirgi bai dawo ba, saƙon da suke iya aikawa kuma sai in an matso kusa. Hankalina ya yarda da su, zuciyata ta ƙi. Kullum sai ta ce min ka karanta, ka yi fushi, shi ya sa ka yi shiru. Gajiya ce ta riƙe alƙalamin ranar nan. Ina jin da zan iya bin takardar in karɓo, da na bi.

Bari in gaya maka kwanakinsa na ƙarshe, don haƙƙinka ne. Da aka tsayar da magungunan nan hankalinsa ya dawo garau, duk da numfashin yana wahalar da shi. Ya gane ni, ya kira ni da sunana. Ya tambaye ka. Na gaya masa maganar hutun, ina tsammanin ransa zai ɓaci. Sai ya ce, "Ya kyauta. Haihuwa ba ta jira. Ni ma ranar da aka haife shi wani ne ya karɓar min mota."

Wata safiya likitar ta zauna a bakin gadonsa ta ce, "Baba, me ke hana ka barci tun farko?" Ya dube ta ya ce, "'Yata, ni ba barci na rasa ba. Wadda nake gaya wa yadda na wuni na rasa. In na kwanta sai maganar ta cika min baki, ba inda zan zuba ta." Auta, na fita baranda na yi kuka har wata mata da ban sani ba ta riƙe ni. Mun ba shi madara, mun ba shi zuma, mun ba shi kwalba, babu wanda ya ja kujera ya tambaye shi.

Maganar taga, na tambayi likitar a gaban Goggo. Ta ce sunan ne kawai ake cewa sanyi, amma ƙwayar cuta ce, takan biyo bayan mura a jikin tsoho, ko taga a buɗe ko a rufe. Ta ce abin da ya kamata shi ne, in tari ya daɗe ko tsoho ya fara rikicewa, a kawo shi da wuri. Da muka fito Goggo ta ce likitocin yanzu yara ne. Amma ba ta ƙara ambaton sunanka ba.

Mutane sun watse, gidan ya yi girma. Ɗinkin mutane na nan jibge, na kasa taka keke. Yanzu ni ce ba na barci. Maƙwabciya ta kawo min wasu ƙwayoyi, na karɓa don kunya, na ajiye a kan firji.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko faɗa ne.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Ya ƙarin haƙuri, Yaya? Ya jikin naki, ya bayan?

Yau da safe muka tsaya. Takardunki biyu a tare aka miƙo min, ɗaure da roba ɗaya. Na buɗe ta farko a kan matakala, ban kai ƙarshe ba na ruga wurin shugaban ma'aikata da takalmin roba a ƙafata, na ce mahaifina na asibiti, ko a sallame ni ko in sallami kaina. Ya sa hannu nan take. Na fito ina murna, ina lissafin abin da zan sayo masa a hanya. Sai na tuna da ta biyun a aljihu.

Ban yi fushi ba. Ban ma san da maganar ba, ina can ina jera kifi, ina gaya wa mutane Babana ya warke. Abin da kika rubuta gaskiya ne. Na ɗauko takardarki ta baya na sake karantawa, ga shi nan ɓaro-ɓaro, kofi ya zube, ya kira ki da sunan Inna, ya daina kula motoci. Duk kin faɗa. Ina son in ji ya samu sauƙi ne, shi ya sa na ji.

Amma ke ma ki saurare ni. Ba ki ba shi komai ba sai abin da aka ce miki magani ne, da hannun da ya yi ta ɗaga shi yana shimfiɗa shi tun rasuwar Inna. Kada ki zauna ke kaɗai kina yanke wa kanki hukunci. Goggo kuma ki bar ta. Ɗan'uwanta guda ɗaya ta rasa, tana neman inda za ta ajiye kayan ne. In wuyana ya yi mata, ta ajiye, zan ɗauka.

Dogo ya dawo, yana jira a gaɓa da hoto a hannu. Mace aka samu. Ya zo da gudu zai nuna min, ya ga fuskata, ya mayar da hoton aljihu. Na ce ya fito da shi. Na gaya masa abin da Baba ya ce, muka tsaya mu biyu a tsakanin kwalaye muna kuka kamar yara, masu ɗaukar kaya suna kewaye mu.

Wani direba zai wuce ta wajenku yau, shi zan ba wannan. Ni sai na miƙa kayan aiki gobe, sannan in kamo hanya. Ƙwayoyin kan firji ki mayar wa mai su, ki ce an gode. In rashin barcin ya daɗe za mu je wurin likitar nan tare. Kafin nan, in barci ya ƙi zuwa ki ƙyale shi, kada ki roƙe shi. Ki tara duk maganar da ke bakinki, ta daɗi da ta ɗaci, har wadda ta shafe ni. Ina zuwa, mu zauna mu yi rashin barcin tare.

Ƙaninki, Auta.